Ledar Rogo: Abin da Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Sani

Duk wanda ya ratsa kasuwar Birnin Konni ko ta Illela bayan an watse, zai ga baƙar leda ta rufe ƙasa, ta maƙale a ƙaya. Mahauta ma shaida ne, domin sau da yawa sukan yanka akuya su tarar da tumbinta cike da leda. Daga man fetur ake yin ta, shi ya sa ƙasa ba ta cin ta.

Hukumomi sun daɗe da sa mata ido. Birnin Njamena ya hana ta a 2010, Nijar ta kafa dokar haramta ta a 2014, Benin kuma a 2017. Wannan ne ya sa masana'antu suka juya ga tsirrai.

Hanya biyu ake bi. Ta farko, a fitar da sitaci daga rogo ko masara, a haɗa shi da man tsirrai, a narkar, a hura shi ya zama leda. Irin ta kamfanin Avani na tsibirin Bali a Indonesiya ke nan. Ƙwayoyin halittar cikin ƙasa suna cinye ta, amma ba ta jure danshi da zafi, don haka ba ta dace da koko ba. Ta biyu, a mayar da sitacin sukari, a bar shi ya yi tsami kamar nono, a samu robar da ake kira PLA, ta kofi da cokali. Ita wannan sai ta samu zafi wajen digiri 60 a masana'antar taki kafin ta ruɓe. A juji kuwa, daɗewa take yi.

Inda muke jan hankalin ƴan kasuwarmu shi ne ledar da ake kira «oxo». Ta fetur ce aka zuba mata sinadari, sai ta farfashe ƙanana-ƙanana, ido ba ya gani, amma tana nan cikin gona da ruwan sha. Tarayyar Turai ta haramta ta tun 2021.

Ledar tsirrai ta gaskiya ta fi ta fetur tsada. Saboda haka in dillali ya kawo mana mai rubutun «biodégradable» a farashin baƙar leda, mu tambaye shi da me aka yi ta, mu nemi takardar shaida kafin mu zuba jarinmu. In ma'aikatan duwan suka kama kaya, mu ne da asara, ba shi ba.