Yadda ake zaɓen makunnin tocila mai jure ƙarfin wuta da zafi

A birnin Bauchi, inda masu gadi da masu shayi ke dogaro da tocila idan aka ɗauke wuta, makunni kan riga ƙwai lalacewa a tocila mai ƙarfin haske.

Ƙwan LED mai ƙarfi da ke aiki da batirin lithium mai lamba 18650 kan ja wuta har amp 3, alhali ƙananan makunnai da yawa an ƙera su ne don amp 1 kacal. Idan wutar ta ninka sau biyu, zafin da ke taruwa a mahaɗar ƙarfen makunni kan ninka sau huɗu. A bazara, lokacin da zafin gari ke kaiwa digiri 40, robar kan yi laushi, mahaɗar ta saki, hasken ya riƙa ƙyaftawa.

Don haka mai neman makunni a Kasuwar Wunti ya duba adadin amp da aka rubuta don wutar batir, wato DC, ya zaɓi wanda ya zarce buƙatar ƙwan, mai mahaɗar tagulla.

Idan tocila ta ɗau zafi tana kashe, a cire batirin nan take, domin lithium na iya kamawa da wuta.