Batirin babur: na dalma ko na litiyam?

A Dutse, babban birnin jihar Jigawa, da garuruwan da ke kewaye da ita kamar Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu, babur ne abin hawan mafi yawan jama'a.

Da shi manomi ke zuwa gona, da shi ake kai kaya kasuwar Shuwarin, kuma da shi ɗan acaɓa ke ciyar da iyalinsa.

Tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, kayan gyaran babur da ake shigowa da su daga waje sun yi tsada. Don haka tambayar wane batiri ya kamata a saya ta zama ta lissafin aljihu.

Yadda suke aiki

Batirin dalma shi ne wanda aka saba da shi. Wani masanin kimiyya ɗan Faransa, Gaston Planté, ne ya ƙirƙiro shi a 1859.

A cikinsa akwai ɗakuna shida, kowanne da farantan dalma da aka tsoma a cikin asid, wanda aka fi sani da ruwan batir. Idan ya cika da caji yakan ba da kimanin volt 12.6.

Shi kuwa batirin litiyam sabon shiga ne. Kamfanin Sony na Japan ne ya fara sayar da shi a 1991, kuma a 2019 aka bai wa John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino lambar yabo ta Nobel saboda aikin da suka yi a kansa.

Nau'in da ake sa wa babura ya bambanta da na wayar salula. Ana haɗa shi ne da litiyam da ƙarfe da sinadarin fosfet, kuma bai kai na waya saurin kamawa da wuta ba. Ɗakuna huɗu gare shi, waɗanda ke ba da kimanin volt 12.8.

Zafin bazara

Babban abokin gabar batirin dalma a wannan yanki shi ne zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana kan haura digiri 40 a ma'aunin Selsiyos.

Ƙa'idar da injiniyoyi ke bi ita ce, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan digiri 25 na rage kusan rabin tsawon rayuwar batirin dalma.

Zafi na sa ruwan da ke ciki ya ƙafe. Idan farantan suka fito fili sai su lalace, shi ya sa ake ƙara wa mai murfi tataccen ruwa, ba ruwan rijiya ko ƙarin asid ba.

Haka kuma idan aka jingine babur na tsawon makonni, cajin na zurarewa, wani farin gishiri ya daskare a jikin farantan, batirin ya daina riƙe wuta.

Na litiyam ya fi jure ajiya, ba ya buƙatar ruwa, kuma nauyinsa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin na dalma ba. Rauninsa da aka fi sani a Turai shi ne tsananin sanyi, wanda hunturun Jigawa bai kai shi ba. Sai dai shi ma zafi na rage masa kwana.

Inda gizo ke saƙar

Farashin batirin litiyam ya ninka na dalma, kuma yana da sharuɗɗa.

Ba ya son wutar caji ta wuce kimanin volt 14.6. Idan na'urar da ke daidaita wutar babur ta samu matsala, tana iya kashe sabon batiri cikin ɗan lokaci. Saboda haka ya kamata makaniki ya auna wutar da mita, injin na aiki, kafin a ɗaura shi.

Mai inganci na ɗauke da wata 'yar na'ura a ciki da ke katse wuta idan caji ya yi yawa ko ya yi ƙasa ƙwarai. Wanda ba shi da ita na cikin haɗarin lalacewa ko ɗaukar zafi.

Bugu da ƙari, yana da ƙarfin murza sitata, amma sau da yawa wutar da yake ajiyewa ba ta kai ta na dalma mai girmansa ba. Mai cajin waya ko kunna fitila a jikin babur bayan an kashe inji zai ga ya ƙare da wuri.

Akwai kuma wani batun: yawancin ƙananan babura masu kabireta na tashi da kik ko da batiri ya mutu. Ga masu irinsu, aikin batiri bai wuce hon da sigina da sitata ba.

Gubar dalma

Matsalar ba ta tsaya kan kuɗi ba. Tsohon batirin dalma na da daraja, domin 'yan gwangwan na sayensa a narkar da dalmar da ke ciki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jikin mutum da za a ce ba shi da illa, kuma ta fi cutar da ƙwaƙwalwar ƙananan yara.

A unguwar Thiaroye-sur-Mer da ke wajen Dakar a Senegal, yara 18 ne suka mutu tsakanin 2007 da 2008 sakamakon fasa tsofaffin batura a cikin unguwa.

A Najeriya, gwamnati ta fitar da ƙa'idojin sarrafa batura a 2024, kuma a 2025 hukumar kare muhalli ta NESREA ta rufe wasu masana'antun narkar da su a garin Ogijo na jihar Ogun.

Shi ma na litiyam bai kamata a fasa shi ko a jefa shi cikin wuta ba.

Wanne ya fi?

Ga ɗan acaɓar da ke tuƙi kullum, batirin dalma na samun caji a kai a kai, yana da araha, kuma kowane makaniki ya san shi.

Na litiyam ya fi dacewa da babur mai lafiyayyar wuta wanda ke dogara da sitata, ko wanda ake ajiyewa na tsawon lokaci.

Ko wanne aka zaɓa, ajiye babur a inuwa da ɗaure kawunan wayoyi da kyau na ƙara wa batiri kwana, sannan a nisanta tsohonsa daga yara da wurin girki.