Gudan Jini A Jikin Mamaci: Me Ke Kawo Shi?

Jama'a, mai yiwuwa wani ya taɓa nuna muku wani hoto a waya, a kasuwar Sheme ko a tashar motar Ƙanƙara. Ana ganin mutum ya sa safar hannu, yana zaro wani abu fari mai tsawo kamar igiya daga jijiyar gawa. Sai a ce wai allurar rigakafin korona ce ta jawo haka. Asalin hotunan wani fim ne da aka fitar a Amurka a watan Nuwamba, shekarar 2022 ta kusa ƙarewa, sunansa da Hausa "Mutuwar Fuju'a".

Da farko, me ya kai su buɗe jijiyar mamaci? Mu nan, mutum ya rasu da safe, kafin Azahar an yi masa wanka, an sa likkafani, an kai shi makwancinsa. A Amurka kuwa gawa takan yi kwanaki kafin a binne ta. Saboda haka akwai masu sana'ar hana gawa ruɓewa. Sukan yanka jijiyar wuya, su ɗura wani magani mai ƙarfi, fomalin, shi kuma ya turo jini waje. Al'adar ta bazu ne lokacin yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865, don a iya kai gawar soja garinsu. Yau ma tana ja baya, domin tun 2016 fiye da rabin masu mutuwa a can ƙone gawarsu ake yi, galibi saboda tsadar binnewa. Allah Ya kiyaye.

To, gudan jinin fa? Duk wanda ya taɓa yanka rago ya san amsar. Tari jinin a ƙwarya ka ajiye, ba a jimawa ya daskare. Haka yake a jikin mutum. Zuciya na tsayawa, jini ya daina gudu. Jan mai nauyi ya kwanta ƙasa, mai ruwan ɗorawa ya taso sama, su daskare a cikin jijiya. Tun da jijiya doguwa ce, gudan ma dogo zai fito. Fomalin kuma yana ƙara masa tauri, ya zama kamar roba. Likitoci masu binciken gawa sun rubuta wannan a littattafansu tun kafin a haifi kakanninmu, balle a san korona. Masu fim ɗin ba su ma tabbatar ko mamatan sun yi allurar ba.

Masu wankan gawa a Faskari da Sabuwa sun san ɗan'uwan wannan abu. Mamaci ya yi awoyi a kwance, sai bayansa ya yi duhu kamar an doke shi. Jini ne ya gangara can. A kan wannan tabo sai ka ji dangi sun fara zargin kishiya da guba ko sammu, zumunci ya lalace a banza.

Gaskiya ɗaya ba za mu ɓoye ba. A 2021 an gano allurar kamfanin AstraZeneca takan sa jini ya daskare a jikin mutane ƙalilan ƙwarai, masu rai, cikin makonnin farko bayan allurar. Likitoci ne da kansu suka gano, suka sanar. Cutar korona kanta ta fi haddasa wannan nesa ba kusa ba.

Abin da ke damunmu shi ne uwar da ta ga hoton nan ta fasa kai jaririnta asibiti, alhali rigakafin ƙyanda da shan-inna da mashaƙo daban suke da na korona. A 2023 mashaƙo ya kashe ɗaruruwan yara a Arewa, har da Jihar Katsina, kuma yawancinsu ba su yi rigakafi ba. Ana yin allurar kyauta a asibitocin gwamnati, tun jariri yana da mako 6.