Ganyen Shayi na Awo: Yadda Ake Samun Mai Kyau da Araha

Idan aka farke 'yar jakar shayin nan mai zare, wadda jama'a ke kira Lipton ko da wane kamfani ne ya yi ta, aka zazzage a tafin hannu, abin da ke ciki ba ya wuce giram 2. Kwali mai jaka 25 ke nan giram 50 ne kacal. Kaso mai tsoka na kuɗin da aka biya ya tafi ga takarda da zare da kwali da leda da tallan rediyo. Jakar ba ta daɗe a duniya ba. Labarin da aka fi yaɗawa shi ne, wani ɗan kasuwar New York mai suna Thomas Sullivan ne ya soma aika wa abokan cinikinsa samfur a 'yan jakunkunan siliki a wajajen 1908, su kuma suka riƙa tsoma su a ruwan zafi yadda suke. Kafin nan, kowa ganye yake zubawa a buta.

Baƙin shayi da koren shayi duk daga itace ɗaya suke, wanda masana ke kira Camellia sinensis. A masana'anta suke rabuwa. Idan aka bar ganyen ya yi yaushi, aka murje shi, aka baza shi iska ta ratsa shi har ya rine, ya zama baƙi. Idan kuwa aka yi maza aka gasa shi a kasko ko aka turara shi kafin ya rine, sai ya tsaya a korensa. Sai an tsinki ɗanyen ganye kilo 4 zuwa 5 ake samun busasshe kilo 1, kuma tsinka mafi daraja ita ce toho da ganye biyun da ke ƙarƙashinsa. Da zarar hannu ya zarce ƙasa ya haɗo tsoffin ganye da itace, nauyi ya ƙaru, daɗi ya ragu.

Yawancin baƙin shayin da ke kasuwannin Afirka ba a ganinsa a matsayin ganye, 'yan ƙwayoyi ne kamar gero. A farkon shekarun 1930 wani Bature, William McKercher, ya ƙera inji a Assam ta Indiya wanda ke ragargaza ganyen, ya yayyaga shi, ya mulmula, aikin da fatake ke kira CTC. Kusan duk shayin Kenya haka ake sarrafa shi. Kenya ce ta uku a duniya wajen noman shayi bayan Sin da Indiya, kuma ba ta da na biyu wajen fitar da baƙin shayi. Ƙananan manoma sama da rabin miliyan ne ke kai ganyensu masana'antun hukumar KTDA. Kowane mako ana gwanjonsa a Mombasa, inda aka maido da kasuwar daga Nairobi a 1969, masu saye na kai shi Pakistan da Masar da Ingila. A wannan gwanjo, kilo 1 na matsakaicin shayi ya daɗe yana kai-kawo tsakanin dala 2 da dala 3. Kilo 1 ɗin kuwa kofi 500 ne. Ko an ɗora kuɗin jirgin ruwa da kwastan da ribar dillali, duk wanda ya ajiye wannan adadi kusa da farashin kwalin kanti zai ga tazarar da idonsa.

A jikin buhunan sari akwai haruffa da ya kamata mai saye ya sani. BP1 shi ne manyan ƙwayoyi, PF1 matsakaita, PD da D1 kuma gari. Mutane kan raina garin, su ɗauka sharar masana'anta ce. Ba haka ba ne: rariya ce ta ware shi daga ganye ɗaya, kuma ya fi saurin ba da kala da ƙarfi. Aibinsa shi ne yana saurin salancewa idan aka ajiye shi, kuma ya fi sauƙin yi wa algus.

Wajen zaɓen irin ganye ne mutane da yawa ke asarar kuɗi ba tare da an cuce su ba. Mai son haɗin kauri, wanda zai sa madara cokali uku da sukari, ga citta da kanumfari da masoro a tukunya, ba shi da wata bukata da dogon ganye mai tsada. Ƙamshinsa mai laushi ne, madara za ta binne shi. BP1 ko PF1 ne ke iya ɗaga kai a cikin wannan haɗi, kuma su ne masu araha. Mai shan ruwan bunu, wanda ba ya sa komai sai ɗan sukari ko lemon tsami, shi ne zai ci ribar ƙarin kuɗi a kan ganyen da aka naɗa ba a ragargaza ba, irin mai alamar OP. Idan na Siri Lanka ne, a duba tambarin zaki mai riƙe da takobi. Hukumar shayin ƙasar ba ta yarda a sa shi sai ga shayinta zalla wanda aka ƙunsa a can.

Suna kaɗai ba hujja ba ne. Darjeeling, shayin tsaunukan Indiya da ake ji da shi, lambuna 87 ne ke noma shi, abin da suke fitarwa a shekara bai kai kilo miliyan 10 ba, amma an daɗe ana kukan cewa wanda ake sayarwa da sunansa a duniya ya ninka haka. Shi ya sa Indiya ta yi wa sunan rajista a 2004. Wanda ya ga "Darjeeling" a gwangwani mai ƙyalli da farashin ƙasa, gwangwanin ya saya.

Koren shayi kuwa wata duniya ce. A fadar samari a Yamai da Damagaram da Maraɗi, a zauren Agadas, a gefen ƙofar da Buzu ke gadi a Kano ko Sakkwato, ga 'yar buta a kan gawayi, ga finjali, ana ɗaga hannu sama ana tsiyayawa har kumfa ta taru. Ganyen nan daga Sin yake zuwa, mafi yawa daga lardunan Zhejiang da Anhui da Jiangxi, kuma Maroko ce babbar mai sayensa, sai ƙasashen Afirka ta Yamma su biyo baya. Lambobin da ke jikin 'yan kwalayen ba ado ba ne. 3505 shi ne wanda aka dunƙula, mai ɗan ƙaurin hayaƙi. 41022 da 4011 da 9371 kuwa siraran ganye ne a lanƙwashe, kuma su mashaya suka fi nema saboda ɗaci da kumfa. Sai dai babu wata hukuma da ke tsare lambar: 41022 na wannan kamfani ba lalle ya yi daidai da na wancan ba, jerin haruffan A da ake liƙawa a bayan lamba ma kowa nasa yake ƙarawa yadda ya ga dama. Dabarar tsoffin mashaya ita ce a sayi ƙaramin kwali na giram 25 a gwada tukuna. Ganye mai kyau yana jure dahuwa uku. Wanda ya mutu tun a zagaye na biyu, arahar tasa ta bogi ce, domin sai an ninka awo.

A gaban mai shago, hannu da hanci sun isa. A ce, "Alhaji, ɗan zuba mini in gani," ba wanda zai hana. A baza a tafi: girman ya zama ɗaya, ba kara-kara da jajayen zaruruwa da yawa. A murza tsakanin yatsu: busasshe zai fashe ƙaras, wanda ya sha danshi zai lanƙwashe ya liƙe. A rufe tafin, a hura masa numfashi, a buɗe a sansana. Idan warin rima ya taso, ko ƙamshin sabulu, ko ba a ji komai ba, a mayar. A gida kuma akwai gwajin da hukumar kula da abinci ta Indiya ke koya wa jama'a: a barbaɗa ganyen a farar takarda mai jiƙe da ruwan sanyi. Na gaskiya ba ya sakin kala nan take. Wanda aka riga aka dafa, aka shanya, aka rina, zai ɗiga ja ko rawaya cikin ɗan lokaci. Idan a kwali yake, a duba lambar NAFDAC da ranar da aka ƙunsa shi.

Ba dole sai ganye ya tsallako teku ba. A tsaunin Mambilla, ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, inda tudu ya kai kimanin mita 1,600 kuma sanyi da ruwan sama suka wadata, ana noman shayi a Kakara tun shekarun 1970, shi ne Highland Tea. A tsallaken iyaka, Kamaru na da gonakin Ndu da Tole da Djuttitsa, da ta Ndawara mallakar attajiri Baba Ɗanpullo. Shayin da bai yi watanni a jirgin ruwa da tashar Legas ba yana da damar isowa da sauran ƙamshinsa, kuma tashin dala ba ya dukansa kai tsaye.

Saura batun yawan da za a saya. Farashin sari a kasuwa irin ta Singa a Kano yana ruɗar mutum ya kwashi abin da ba zai iya shanyewa ba. Gida mai shan kofi 5 a rana giram 300 yake bukata a wata. Kilo 1 zai kai shi wata uku da 'yan kwanaki, kuma wannan ya isa. Maƙwabta uku ko 'yan majalisa ɗaya kan haɗa kuɗi su sayi babban ƙunshi su raba a sikeli, kowa ya samu farashin sari ba tare da ganyen ya tsufa a hannunsa ba. Koren shayi ya fi saurin gajiya, gara a shanye shi cikin shekara. Baƙi na iya kai shekara biyu idan an rufe shi da kyau.

Rufin kuwa shi ne inda ake yawan sakaci. Ganyen shayi yana zuƙar duk warin da ke kusa da shi, don haka kantar da aka jera daddawa da garin sabulu da kananzir ba wurinsa ba ce. Tsohon gwangwanin madara da aka wanke ya bushe sarai ya fi kwalbar gilashi da rana ke haskawa. Da damina, a bar ganyen a ledarsa a ɗaure, a sa ledar cikin gwangwanin, a riƙa ɗiban na mako guda a wani ƙaramin mazubi, kuma cokalin da za a sa ciki ya zama busasshe.