Hubert Ogunde: Ɗan Sandan da Ya Ajiye Kaki Ya Hau Dandamali

A shekarar 1945 wani kurtun ɗan sanda a Ikko ya ajiye aikin gwamnati mai albashi, ya ce da wasan kwaikwayo zai ci abinci. A wancan lokaci maganar ta yi kama da taɓin hankali, domin wasa a dandamali abu ne na coci da makaranta, ana yi ranar biki a watse, kowa ya koma sana'arsa. Sunan kurtun Hubert Ogunde, an haife shi a Ososa kusa da Ijebu-Ode a 1916. Mahaifinsa fasto ne, kakansa na wajen uwa kuwa babalawo ne, mai duba irin na Yarabawa. Yaron ya tashi da waƙar coci a kunne ɗaya, ganga da kirarin gargajiya a ɗaya kunnen, kuma har ya mutu bai saki ko ɗaya ba.

Ya yi koyarwa, ya shiga ɗan sanda a 1941. Wata cocin Aladura ce ta roƙe shi ya shirya mata wasa don tara kuɗin gini, aka nuna shi a zauren Glover da ke Ikko a 1944, labarin Adamu da Hauwa'u a gonar Aljanna cikin waƙa da rawar Yarabawa. Yadda jama'a suka karɓi wasan ne ya ba shi ƙarfin halin kafa ƙungiyarsa, African Music Research Party, wadda masana ke ɗauka ita ce ta farko a Nijeriyar zamani da 'yan wasanta suka riƙi abin a matsayin sana'a.

Wahalar farko da ya ci karo da ita ita ce mata. Babu uban da zai yarda 'yarsa ta hau dandamali tana rawa gaban maza, tana kwana a garuruwa. Wadda ta zo ma, da ta samu miji sai ta tafi, a bar shi da gurbi. Ogunde ya warware matsalar ta hanyar da har yau ake muhawara a kanta: ya riƙa auren 'yan wasansa, har gidansa ya zama shi ne kamfanin, mata da 'ya'ya duk suna ciki. Mutum na iya ƙin wannan dabara, amma ita ta riƙe ƙungiyar fiye da shekara 40.

Aikin kansa na ƙarfi ne. A loda ganguna da tufafi da labule da fitilu a babbar mota, 'yan wasa su hau kan kayan, a doshi gari na gaba. Kafin su isa an riga an manna takardun talla a bango. A kama zauren gari ko na makaranta, a ɗaura labule, a zauna bakin ƙofa ana sayar da tikiti. Wasan yakan buɗe da waƙa da rawa don a tara hankalin mutane, sannan labari ya shigo. Abin da aka samu a ƙofa a daren shi ne kuɗin mai da abinci da albashi. Ogunde ne marubuci, shi ne mai tsara waƙa, shi ne darakta, shi ne jarumi, shi ne kuma mai lissafin kuɗi.

Da ya tsaya kan labaran Baibul da ba wanda zai taɓa shi. Amma da ma'aikata suka yi babban yajin aikin 1945, sai ya fito da Strike and Hunger, wasa a kan yajin da yunwar da ta haddasa shi. A Jos, a 1946, 'yan sanda, abokan aikinsa na jiya, suka tsayar da wasan, aka gurfanar da shi aka ci shi tara. Bai saduda ba. A Nuwamban 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka buɗe wuta kan masu haƙar kwal a Iva Valley ta Inugu, suka kashe mutum 21. Ogunde ya mayar da wannan kisa wasa mai suna Bread and Bullet, ya ɗauko shi zuwa Arewa. A Kano hukuma ta haramta wasan, aka kama shi bisa zargin tunzura jama'a, ƙarshe aka ci shi tarar fam 6 kan manna takardun talla ba izini. Turawa sun gane abin da wasu namu har gobe ba su gane ba, cewa jarida sai mai karatu, amma wasa har ɗan dako yana fahimta.

Babbar gwagwarmayarsa kuwa da 'yan'uwansa ya yi ta, bayan samun 'yanci. A 1964 Awolowo yana kurkuku, Akintola yana Firimiyan Jihar Yamma, Yarabawa sun dare gida biyu. Ogunde ya shirya Yoruba Ronu, kira ga Yarabawa su yi tunani, labarin wani sarki da mataimakinsa ya ci amanarsa. Aka nuna shi a Badun, Akintola yana zaune cikin zauren. Ba a buƙaci mai fassara ba: kowa ya gane sarkin Awolowo ne, mataimakin kuwa Akintola. Firimiya ya tashi ya fice kafin a gama. Gwamnati ta haramta wa ƙungiyar wasa a faɗin Jihar Yamma, aka daina sa faifansa a rediyo da talabijin na jihar. Ga mai wasa da Yarabanci wannan yanke hanyar abinci ne. Ya amsa da wani wasan, Otito Koro, mai cewa gaskiya ɗaci gare ta, ya ci gaba da nunawa a Ikko inda dokar ba ta kai ba. Sai bayan juyin mulkin Janairun 1966 gwamnan soja Adekunle Fajuyi ya ɗage haramcin.

Daga nan girma ya biyo baya. Ƙungiyarsa ta wakilci Nijeriya a baje kolin duniya na Montreal a Kanada a 1967. Da ya lura silima na janye masu kallo, ya koma fim, ya yi Aiye da Jaiyesimi da wasu. A 1986 gwamnatin tarayya ta ɗora masa alhakin haɗa ƙungiyar wasa ta ƙasa. Yana cikin aikin fim ɗin Mister Johnson, wanda aka ɗauka a nan Arewa, ciwo ya kama shi, ya rasu a Landan ranar 4 ga Afrilu, 1990.

Ya bar wasanni fiye da 50, ya kuma buɗe hanyar da irin su Duro Ladipo da Kola Ogunmola da Baba Sala suka bi. Iyalinsa sun mayar da gidansa na Ososa gidan tarihi, an adana tufafin wasa da ganguna da hotuna. Wanda tafiya ta kai shi hanyar Shagamu zuwa Binin, musamman 'yan wasanmu na Hausa, ya daure ya ratse ya gani.