Zanzaro da masu feshi a Kwarbai

Kwarbai unguwar fada ce, amma da damina ta yi tsakiya manoman cikinta ake gani. Tun bayan asuba babura ke fita ta Ƙofar Gayan da Ƙofar Kona, wani da galan ɗin ruwa, wani da injin feshi goye a baya. Gonakin suna bayan ganuwa: dawa, masara, wake a tsakanin kunya.

Waken nan shi ke cinye kuɗin magani. Tsutsar da ke huda fure da kwanso takan sa manomi ya yi feshi sau shida zuwa takwas kafin girbi. In ka zauna a zaure da yamma, ƙorafin ɗaya ne: maganin bana ba shi da ƙarfi, a ƙara murfi biyu. Jabu akwai shi a kasuwa, ba musu. Sai dai ba nan kaɗai matsalar take ba.

Tsutsar tana ɓoye cikin fure da kwanso, inda feshi bai cika kai wa ba. Waɗanda ke yawo a sarari, gizo-gizo da ƙoƙi-ƙoƙi da rina, su ke fara mutuwa, kuma su ne masu farautarta. Har da zanzaro, wanda ke gina ɗakinsa na laka a bangon soraye yana cusa wa 'ya'yansa tsutsa. Yara na rushe masa gini ba su san aikin da yake yi ba. Darɓa kuwa ba ta jiran namiji kafin ta haihu, cikin mako guda ta sake rufe ganye, maƙiyanta ba su farfaɗo ba. Manomi ya ga haka, ya koma shago.

A Samaru, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda sanfulawa ma na cikin amfanin da take bincike a kai, ta fitar da irin wake SAMPEA 20-T a 2019 ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku. Irin yana kashe tsutsar da kansa, feshi ya ragu zuwa sau biyu. Ana ta muhawara kan irin da aka sauya wa ƙwayar halitta, kuma bai hana darɓa ba.

Mai sha'awar noman sanfulawa kuwa ya fi kowa bukatar hattara da feshi. Ƙudan zuma ne ke sa kanta ya cika da 'ya'ya, kuma feshin hantsi, lokacin da take fure, a kansu yake sauka.