Tsutsar da ke kashe 'ya'yan tarwada: abin da ya kamata ku sani

Duk mai kiwon kifi a Kausani ko a bakin kogin Wudil ya san alamar nan: 'ya'yan tarwada su daina cin abinci, su riƙa goga jiki da bangon tanki, su taso sama suna haki, yauƙin jikinsu ya yi yawa. Nan da nan sai a ce ruwa ya ɓaci, a nemo maganin kashe bakteriya a zuba. Wani lokacin kuwa mai ɓarnar wata shimfiɗaɗɗiyar tsutsa ce wadda wannan magani ba ya taɓa ta, kuɗin ya tafi a banza.

Tsutsar ba ta cika kai milimita ɗaya ba, sai da madubin likita ake ganinta sosai. Tana da ƙugiyoyi a gindinta da take kafawa a fatar kifi ko a jan naman nan da yake numfashi da shi, ta yi ta ci har wurin ya zama miki. Akwai dangin da ake kira Gyrodactylus, masu wani abin al'ajabi: ba sa yin ƙwai, haihuwa suke yi, kuma 'yar da aka haifa tana fitowa da nata cikin. Shi ya sa a tankin da aka cunkushe kifi, 'yan kwanaki sun isa.

Ƙasar Nowe ta ɗanɗana kuɗarta. A 1975 aka fara ganin wani nau'in tsutsar a can, ya shigo tare da 'ya'yan kifin salmon da aka kawo daga Suwidin, ya bazu a koguna kimanin 50. Sai da hukuma ta riƙa zuba guba a kogi ɗungum, a kashe kifin duka don tsutsar ta rasa masauki. A 2014 masana a Jami'ar Oslo suka fitar da karatun kundin gadonta.

Kowace halitta tana ɗauke da wani dogon rubutu a cikin ƙwayoyin jikinta, da haruffa huɗu kacal, A, C, G da T, wanda ya tsara yadda za a gina ta. Karanta kundin gado shi ne jera haruffan nan daga farko zuwa ƙarshe. Da shi ake bambanta tsutsotsin da ido ke gani iri ɗaya, a bi sawun inda cuta ta fito, a gano lagon da magani zai kama.

Tsutsar tsargiya, mai sa yara fitsarin jini a garuruwan bakin ruwa, ita ma shimfiɗaɗɗiyar tsutsa ce, an kuma karanta kundinta a 2012. Farazikwantel, maganin tsargiya, ana amfani da shi ga kifi ma. An shekara kusan 40 ana ba da shi kafin a gane ƙofar da yake buɗewa a jikin tsutsa har ta sandare. Yanzu da aka gane, ana iya duba kundin tsutsa a hango ko maganin zai ci ta.

A ganina wannan aiki na karanta kundin gado ya dace da mu, domin tsutsar salmon daban, ta tarwada da karfasarmu daban. Ga Jami'ar Aliko Dangote a Wudil, ga cibiyar binciken kifi ta New Bussa, ga kifin a ƙofar gida.

Kafin nan, sababbin 'ya'yan kifi a ware su a tanki daban na ɗan lokaci. Kada koma ɗaya ta zaga tankuna. Wankan gishiri yana taimakawa, amma a tambayi malamin kifi awon. In za a kai kifi gwaji, a kai mai rai, don da kifi ya mutu tsutsar ke barin jikinsa.